Haruffa huɗu na gwajin hali: a zaɓa wa ɗalibi seri da su?

Ɗan Adar, Tawa

Assalamu alaikum malamai. Ina riƙe da ajin turwaziyam a wata kwaleji nan Tawa, kuma bana yara sun shigo da wani sabon abu. Suna yin gwajin hali a salula, ya ba su haruffa huɗu, wanga ya ce shi INTJ ne, wagga ta ce ita ENFP ce. Har sun fara cewa mai T shi ya dace da seri C ta lissafi da kimiyya, mai F ya nufi seri A ta adabi. Wata yarinya ta yi gwajin kafin hutu ta samu INFP, da anka dawo ta sake, sai ya ba ta INTP. To, mi ne ne waɗannan Ni, Te, Fi da suke ta faɗi? Da gaske su ne ke sa kowa da irin yadda yake ɗaukar karatu? Kuma in BEPC ta wuce, mu duba su wurin ba da shawarar seri ko mu bar su?

Malamar Falsafa, Yamai

Wa alaikumus salam Malam. Tushen abin Carl Jung ne, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwis, a littafin da ya fitar a 1921 kan nau'o'in hali. Ya ce hankali aiki biyu yake yi da kowane labari: ya karɓe shi, sannan ya yanke hukunci a kansa. Karɓa hanya biyu ce. Akwai lura, wato S, abin da ido ya gani, kunne ya ji, hannu ya taɓa. Akwai tsinkaye, wato N, hango abin da ke bayan abin da aka gani ko inda zai kai. Hukunci ma biyu ne. T yana auna abu da ƙa'ida, daidai ne ko kuskure. F yana auna shi da daraja, ya dace ko bai dace ba, wa zai amfana, wa zai cutu. A kiyaye da F ɗin nan, ba saurin kuka ba ne, ba kuma taushin zuciya ba. Jung a sahun hukunci ya ajiye shi, kafaɗa da kafaɗa da T.

Kowane ɗaya cikin huɗun yana iya fuskantar waje, a maƙala masa ƙaramin e, ko ya fuskanci ciki, a maƙala masa ƙaramin i. Huɗu sau biyu takwas, su ne yaranka ke kira.

Ɗauki manomin albasa a Galmi. An cire albasa, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, zai sayar yanzu ko zai zuba a rudu ya jira. Mai Se zai ɗauki albasar ya matsa wuyanta ya ji ko ya bushe, ya ƙirga motocin da suka shigo yau. Mai Si zai tuna bara da bara waccan, watan da farashi ya ɗaga, da yadda ruɓa ta soma. Mai Ne kafin ka zauna ya kawo hanya biyar: a raba biyu, a nemi mai saye daga Gana, a bar wasu su zama iri, da sauransu. Mai Ni zai yi shiru, can ya ce bana ajiya ba za ta biya ba, in ka ce ya jera maka yadda ya kai ga haka sai abin ya yi masa wuya. Wurin hukunci kuma, Te zai ɗauki alƙalami ya lissafa buhu nawa, nawa za su ruɓe, nawa za su rage. Ti zai tsaya kan lissafin kansa: wa ya ce kaza ne ke ruɓewa, da me aka auna? Fe zai tuna ƴan ƙwadago na jiran kuɗinsu, da dillalin da ya ba shi bashin taki. Fi zai ce shi ba ya ɓoye ruɓaɓɓu a gindin buhu ko da duk kasuwa haka take yi. Kowa yana da dukansu. Maganar ita ce wanne ke riga sauran fitowa.

Haruffa huɗun da nau'i 16 ba na Jung ba ne. Katharine Briggs da ɗiyarta Isabel Myers suka tsara su a Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, su suka ƙara J da P, littafin jagoran gwajin ya fito a 1962. Kowane nau'i ana jera masa huɗu daga cikin takwas ɗin: jagora, mataimaki, na uku da auta. Ga yadda ake fitar da jerin daga haruffan. Fara da na ƙarshe: in J ne, harafin hukunci, T ko F, shi ke fuskantar waje, in P ne, harafin karɓa, S ko N, shi ke waje. Ɗayan na tsakiya sai ya fuskanci ciki. Sai ka koma na farko: mai E, wato mai fuskantar waje, na wajen ne jagoransa, mai I, wato mai fuskantar ciki, na cikin ne, wanda ya rage shi ne mataimaki. Na uku kishiyar mataimaki ne, auta kuma kishiyar jagora, a aiki da alƙibla duka. INTJ ke nan Ni, Te, Fi, Se. Inda aka fi yin kuskure shi ne a ga J a ɗauka hukunci ne ke jagora, alhali ga mai I akasin haka ne.

Ɗalibarka a INFP jerinta Fi, Ne, Si, Te. A INTP ya zama Ti, Ne, Si, Fe. Harafi ɗaya ya sauya, jagora da auta duka sun sauya.

Baban Nana, Yamai

Malama ta bayyana tsarin yadda yake, ba ni da gyara. Amma Malam tambayarka ta uku ita ce mai nauyi, kuma amsarta a'a ce, kada a zaɓa wa yaro seri da wannan.

Abin da ya faru da yarinyar nan ba kuskuren salula ba ne, haka gwajin yake. Yana tara maki tsakanin T da F, sannan ya ja layi a tsakiya. Matsalar, mafi yawan mutane a tsakiyar suke, kamar yadda matsakaitan tsawo suka fi dogaye da gajeru yawa. A ce tambaya 20 ce, yarinya ta amsa 11 ta ɓangaren F, 9 ta ɓangaren T, an ce mata F. Bayan hutu amsa biyu suka juya, ta koma T. Ita kuwa tana nan yadda take. Wanda ya samu 11 da wanda ya samu 20 duk harafi ɗaya ake ba su, wanda ya samu 9 da mai 11 kuma a ce musu jinsi biyu ne. David Pittenger ya tattara binciken da aka yi a kan haka a 1993, ya nuna cewa in an sake gwajin bayan sati biyar, waɗanda nau'insu ke sauyawa suna iya kai rabi.

Jerin jagora, mataimaki, na uku da auta ya fi haruffan ma rauni. Gwajin ba ya auna Ni ko Te kai tsaye, daga haruffan ake fitar da su ta ƙa'idar da Malama ta nuna. James Reynierse ya bi bayanan da ake da su a 2009 bai ga jerin yana fitowa yadda aka ce ba. Shi kansa Jung daga marasa lafiyar da yake gani da nazarinsa ya gina ra'ayin, ba da awo ba, kuma ya faɗi cewa babu mutumin da yake tsantsar mai fuskantar waje ko tsantsar mai fuskantar ciki.

Ka tambayi yaran wane shafi suke shiga. In 16Personalities ne, shafin da kansa ya ce ba ya aiki da ayyukan takwas na Jung. Haruffan kawai ya ara, awonsa kan halaye biyar ne, shi ya sa yake ƙara harafi na biyar, A ko T, a ƙarshe, kuma wannan T ɗin ba na hukunci ba ne. Yaro ya ɗauko haruffa daga can ya fitar da Ni da Te, ya haɗa abu biyu da ba gidansu ɗaya ba.

Ban ce babu komai a ciki ba. McCrae da Costa a 1989 sun nuna haruffan suna tafiya da huɗu daga manyan halaye biyar da masana suka fi yarda da su: E da I da son cuɗanya, S da N da son sabon abu, T da F da sauƙin kai ga mutane, J da P da tsari da cika aiki. Biyun farko dangantakar da ƙarfi, biyun ƙarshe matsakaiciya. Ka lura T da F ba su auna iya lissafi ba sam. Kamfanin da ke riƙe da gwajin na asali ma ya ce kada a yi amfani da shi wurin ɗaukar ma'aikata, balle a raba yara aji da shi.

In yaro ya ce ai bayanin ya kama shi daidai, ka ba shi labarin Bertram Forer. A 1948 ya raba wa ɗalibansa takarda, kowa na zaton bayanin halinsa ne shi kaɗai, alhali rubutu ɗaya ne. Da aka ce su ba shi maki, matsakaicin ya kai wajen 4.3 cikin 5.

Malamar Falsafa, Yamai

Na yarda da Baban Nana kan awo. Zan ƙara abin da ya shafe mu nan. Tambayoyin an rubuta su ne don wata al'umma. A tambayi ɗiyar Adar ko tana saurin faɗin ra'ayinta cikin taro, za ta ce a'a, don an tarbiyyantar da ita kada ta ɗaga murya gaban manya. Kunya aka auna, aka rubuta I. A tambayi yaro ko yana sa jin daɗin mutane gaba da gaskiya, kara za ta sa ya karkata F ko da kansa ƙa'ida yake bi. Ga kuma gwajin da Faransanci, yaron turwaziyam yana iya amsa abin da bai gama fahimta ba.

Inda na rabu da shi kaɗan: kalmomin takwas suna da amfani ga malami ko da ba su zama ma'auni ba. Suna sa ka lura da inda yaro ya fara kama tambaya da inda yake yawan zamewa. Sharaɗin dai a ce "a wannan aikin ka fara da misali", kada a ce "kai mai S ne".

Ɗan Adar, Tawa

Na gode, Allah ya ƙara sani. To in haka ne, mu koyar da kowa ta hanyar da ya fi so? Wasu abokan aiki sun ce a raba aji, masu son misali gefe, masu son ƙa'ida gefe. Kuma mi za mu duba wurin shawarar seri?

Tsohon Darakta, Tawa

Malam kada ku raba ajin. Harold Pashler da abokan aikinsa sun bi binciken da anka yi kan wannan a 2008, ba su samu hujjar da ta isa ba cewa koyar da yaro ta salon da ya ce ya fi so na ƙara masa sakamako. Darasin ne ke faɗin hanyarsa. Taswira da ido ake koyonta, lafazi da kunne, ko wane ne yaron.

Abin da ya fi tasiri kan ɗaukar bayani shi ne yawan abin da kai ke iya riƙewa a lokaci guda. George Miller ya ce wajen bakwai a 1956, Nelson Cowan a 2001 ya ce ya fi kusa da huɗu. Yaron da bai haddace jadawalin sau ba, gurbin nasa ya cika da 7 sau 8 tun bai kai ga x ba, sai a ce ba shi da kan lissafi. Wanda ya haddace gurbinsa a sake yake. Wannan gyaruwa yake yi, kuma babu ruwansa da T ko F.

Ga abin da za ka iya yi cikin awa ɗaya ko biyu. Ɗauki tambayar lissafi ɗaya da yaro bai taɓa gani ba amma yana da kayan warware ta, misali fili mai kewaye mita 60, tsawonsa ya ninka faɗinsa, a nemo faɗin. Zaunar da shi minti goma, ka ce ya riƙa faɗin abin da yake tunani da baki, da Hausa in ya fi masa sauƙi. Kada ka gyara shi. In ya yi shiru ka ce "ci gaba" kawai. Rubuta abu uku: da mi ya fara, ina ya tsaya, kuma ko ya duba amsarsa. Wani zai zana filin. Wani zai gwada lambobi, 5 da 10, sannan 10 da 20, har ya dace. Wani zai rubuta x kai tsaye. Duk ukun suna iya kai wa ga mita 10. Kuskuren ne zai koya maka abu. Wanda ya ce 20 ya raba 60 gida uku, ya manta kewaye gefe huɗu ne. Gaggawa ce, maganinta a tilasta masa zane kafin lissafi. Wanda ya tsaya kan gwada lambobi zai maƙale ranar da amsar ta zo da waƙafi, shi a ba shi tambaya irin wannan guda uku jere, a ce ya nemo abin da ya haɗa su. Yi haka da tambaya uku daban a ranaku daban, don zama ɗaya yana iya faɗawa ranar da yaro bai karya kumallo ba.

Wurin seri kuma, jawo takardun katiriyam da turwaziyam duka. Kada ka tsaya kan mwayen, buɗe kwafin ka ga irin kuskuren: na rashin fahimta ne, na ganganci ne, ko Faransancin tambayar ne ya kayar da shi. Na ukun nan yana da yawa a wurinmu, kuma yaron da harshe ya kayar a lissafi ba a seri A zai samu sauƙi ba, can rubutun ya fi yawa. Dubi kuma ko makin na hawa ko na sauka daga shekara zuwa shekara. Sannan ka zauna da yaron da iyayensa, ka ji aikin da yake buri, ka gaya musu bak ɗin da ke kai wa can.

Ita yarinyar, ka ce ta kawo sakamakon biyu, ku duba kason da anka ba ta tsakanin T da F. In kusa da rabi ne duka biyun, ka nuna mata da yatsa, sannan ku buɗe kayenta na lissafi.