An rubuta wa Baba gwajin KRAS da BRAF, ko sai an taɓa hantar?

Mai tambaya daga Kubwa: Assalamu alaikum. Wata 8 ke nan da aka yi wa mahaifinmu aikin kansar babban hanji. Yanzu hoton CT ya nuna ƙulli biyu a hanta, CEA, wato gwajin jinin da ake bibiyar kansar da shi, kuma ya tashi daga 4 zuwa 38. Likita ya ce a yi gwajin KRAS, NRAS, BRAF da MSI, wato gwajin ƙwayoyin halittar ciwon, kafin a fara magani. Kuɗin da yawa. Dole ne? Kuma sai an ciro nama daga hantar?

Likitar ciwon kansa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ku daure ku yi, ɗan'uwa, domin sakamakon ne zai zaɓi magani. Kusan 4 cikin 10 na masu wannan ciwo suna da sauyi a KRAS. In akwai shi, ko a NRAS, magungunan cetuximab da panitumumab ba sa aiki, sai asarar kuɗi da ƙuraje a fuska. A nan maganin bevacizumab ake haɗawa da kimo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon kansa. Sauyin BRAF V600E bai kai 1 cikin 10 ba, amma ciwonsa na da saurin yaɗuwa, kuma akwai haɗin encorafenib da cetuximab dominsa. Shi kuwa MSI, wajen 5 cikin 100 ne ke da shi a wannan mataki, kuma su ne pembrolizumab ke yi wa aiki sosai. In ya fito haka, a binciki ciwon gado na Lynch, saboda ku 'ya'yansa ma ya shafe ku.

Ma'aikacin ɗakin gwaji: Malam, galibi ba sai an taɓa hanta ba. Sakamakon RAS, wato KRAS da NRAS, na hanji da na hanta yana zuwa ɗaya a fiye da 9 cikin 10. Ku koma inda aka duba naman aikin farko, ku karɓi bulok, wato ɗan kakin da aka daskarar da naman a ciki, tare da gilashin da aka ɗora yankan naman a kai da rahoton. Lambar da ke jikin bulok ta zo daidai da ta rahoto. Inda ake samun matsala shi ne naman da ya wuce awa 72 a fomalin, wato ruwan maganin da ake adana nama a ciki, ko bulok mai ƙarancin ƙwayoyin ciwon kansa. Ku nemi a zaɓo wanda ciwon ya fi yawa a ciki. Kada a bar shi a mota, zafin Abuja na narkar da kakin.

Likitan tiyata: Ƙulli biyu dai, a yi MRI na hanta da CT na ƙirji, a kai wa mai aikin hanta tun kafin kimo ta yi nisa. Ana iya yanke su in aƙalla kashi 30 cikin 100 na lafiyayyar hanta zai rage. In an ba da bevacizumab, a tsayar da shi mako 6 kafin aiki, yana hana rauni haɗewa.