Ina taurarin da Najeriya ta harba suka kwana?

Malamin Jogirafi, Bauchi:

Assalamu alaikum jama'a. Ina koyarwa a wata sakandaren gwamnati. Ranar Talata muna darasin taswira, wata yarinya 'yar aji biyar ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, wai da gaske Najeriya tana da tauraron ɗan Adam? To me ya sa idan an sace mutane ba a leƙa daji da shi?" Aji ya kwashe da dariya, ni kuwa na yi ta kame-kame har aka buga ƙararrawa. Abin kunyar ma, a nan jiharmu, a Toro, akwai ɗaya daga cikin cibiyoyin NASRDA, hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, amma ban taɓa taka ƙafa can ba. Don Allah masana ku fitar da ni kafin Talata mai zuwa: guda nawa aka harba, ina suke yanzu, kuma ina aka dosa?

Tsohon Safiyo, Kaduna:

Wa alaikumus salam Malam. Yarinyar nan ka riƙe ta da kyau, tana da kai.

An kafa NASRDA a 1999, hedikwatarta tana Abuja kan hanyar filin jirgi. Na farko da aka harba shi ne NigeriaSat-1, a watan Satumba na 2003. Kamfanin Surrey na Ingila ne ya ƙera shi, aka ɗora shi kan rokar Rasha daga Plesetsk. Lokacin ina bakin aiki, na tuna yadda muka taru a ofis kan kwamfuta guda ɗaya muna kallon hoton da wani abokin aiki ya samo a faifan CD. Kowane ɗigo a hoton mita 32 ne a ƙasa, wato gidanka da na maƙwabcinka duk ɗigo ɗaya ne. Amma kogi, gona, daji da bakin hamada suna fita raɗau. Kuma ya yi abin a zo a gani: yana cikin taurarin da suka ɗauki hoton ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a 2005. An yi masa lissafin shekara biyar, ya zarce haka nesa ba kusa ba.

Sai na sadarwa, NigComSat-1, wanda 'yan Chana suka ƙera suka harba daga Xichang a watan Mayu na 2007. Wannan kam bai yi tsawon rai ba. Farantan solarsa suka samu matsala, wuta ta ƙare masa a Nuwamba 2008. Jama'a suka yi ta tsokana wai har a sama ma an ɗauke mana wuta. An maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disamba 2011.

Shekarar 2011 ɗin nan ita ce ganiyar abin. A watan Agusta aka harba biyu lokaci guda, NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X. Shi NigeriaSat-X injiniyoyinmu ne suka haɗa shi da hannunsu a Ingila, bayan an horar da su. Daga nan sai abu ya yi tsit, in ban da wani ɗan ƙarami da bai wuce a riƙe a tafin hannu ba, wanda Jami'ar Fasaha ta Akure ta yi da haɗin gwiwar wata jami'ar Japan a 2017.

Ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Tauraro ba gada ba ce da za ka gina ka manta. Batirinsa yana tsufa, mansa yana ƙarewa. NigeriaSat-2 shekara bakwai aka ɗiba masa, NigComSat-1R kuma shekara 15, ka lissafa da kanka daga 2011. Ranar da ka harba ɗaya, ranar ya kamata a fara zanen magajinsa. Injiniyan da ya yi shekara goma bai taɓa sukudireba ba, ko hannunsa ya mutu ko ya nemi biza.

Na Kantin Kwari:

Baba Safiyo, da girmanka, amma ni duk wannan almubazzaranci nake gani. Unguwarmu yau kwana huɗu babu wuta. A 2016 wani minista ya ce za mu tura ɗan sama jannati nan da 2030. Ana fama da abin sawa a bakin salati, wa yake ta duniyar wata? Wanda ke son intanet daga sama ai ga Starlink nan ya shigo tun 2023.

Maman Hanif, Dutse:

Alhaji na Kwari, maganar ɗan sama jannati na bi ka, ado ne. Amma kallon ƙasa daga sama ba ado ba ne. Digirina na biyu a kan fadamar Haɗeja zuwa Nguru na yi shi. A hoto kana ganin yadda ciyawar kacalla ta toshe hanyar ruwa shekara bayan shekara, kana ganin ƙauyen da ambaliya za ta fara ci. Abin takaici, da hotunan Landsat na Amurka da Sentinel na Turai na yi aikin, don kyauta suke, ka buɗe kwamfuta ka sauke. Manomin da ruwa ya cinye wa shinkafa bai damu da tutar da ke jikin tauraron ba, labari yake so ya iso shi da wuri, a rediyo, da Hausa.

Malam, ga amsar ɗalibarka. Mai ɗaukar hoto yana can wajen kilomita 700 a sama, yana zagaye duniya cikin kusan minti ɗari. Ba tsaye yake a kan Zamfara ba, wucewa yake yi ya ƙyasta hoto, sai bayan kwanaki ya sake biyowa. Ɗigon NigeriaSat-2 mita biyu da rabi ne: zai nuna sabuwar burtali ko wurin da aka share a daji, amma ba zai nuna mutum a kan babur a ƙarƙashin bishiya ba, balle da damina hadari ya rufe. Shi kuma NigComSat da ke tsaye wuri guda, kusan kilomita 36,000, aikinsa kai saƙo ne, ba ɗaukar hoto ba.

Tsohon Safiyo, Kaduna:

Allah ya yi miki albarka 'yata. Alhaji, Indiya ma da talaucinta ta fara. Tauraronta na farko a 1975 Tarayyar Sobiyet ce ta harba mata, kamar yadda aka yi mana. Bambancin, ba ta tsaya ba, ta yi ta yi har na'urarta ta sauka a duniyar wata a Agusta 2023. Mu kuma muna da cibiyar roka a Epe, mun sa hannu kan yarjejeniyar Artemis ta Amurka, mai tsara haɗin kai wajen binciken duniyar wata da sararin samaniya, a Disamba 2022, Pantami ne ma ya rattaba. Sa hannu ba wuya. Da ni za a tambaya, a bar zancen wata, a riƙa ƙera ƙananan taurari a Abuja duk bayan shekara biyu ko uku, ko da wasu ne za su harba mana.

Malamin Jogirafi, Bauchi:

Na gode ƙwarai. Maman Hanif, don Allah ki turo mini hoton fadamar nan guda biyu, tsoho da sabo, in buga su in kai aji. Zan kuma gwada rubuta wa shugaban makaranta takardar neman a kai yaran Toro, in an samu kuɗin mai.