Muhawara: An samu ango da ciwon hanta nau'in B, a fasa auren ne ko a ɗaura?

Kawu, Argungu: Assalamu alaikum. Akwai maganar da ta hana ni sukuni. Ɗiyar ƙanena an sa mata rana, saura wata biyu, aka je gwajin kafin aure sai aka ce yaron yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Ubanta ya ce a mayar musu da kayansu, ni ma ra'ayina ke nan. Mai wagga cuta ba a ba shi ɗiya. Uwar yarinyar ce ta nace a tambayi masu sani.

Malamin makaranta, Jega: Wa alaikumus salam Kawu. Ina bayanka. Na ga maƙwabcinmu da idona, matashi mai 'ya'ya ƙanana, ciki ya kumbura, ƙafafu suka kumbura, idanu suka yi ɗorawa, kafin a ankara hanta ta lalace ya rasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 ciwon hanta ya kashe mutum miliyan 1.3 a duniya, mafi yawansu nau'in B ne. Wa zai jefa 'yarsa cikin wannan?

Sista, Birnin Kebbi: Kawu, Allah ya ƙara girma. Malam, alƙaluman da ka kawo gaskiya ne, amma ba su ne amsar tambayar ba. Wannan cuta tana da allurar rigakafi, kuma tana ba da kariya sama da kashi 95 cikin 100. A fara gwada amaryar. In ba ta da ita, a yi mata allura uku: ta farko yau, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6. Daga baya a ɗibi jini a tabbatar garkuwar ta kama. Ɗage biki ya fi fasa shi. Akwai ma tsarin gaggawa da likita zai iya zaɓa idan lokaci ya ƙure.

Kawu: To 'yata, cin abinci fa? Kwano ɗaya, moɗa ɗaya, shimfiɗa ɗaya, ga zufa lokacin bazara.

Sista: Ba ta wannan hanyar take bi ba, Kawu. Jini ne, da saduwar aure, da uwa zuwa jariri wajen haihuwa. Masu bin ruwa da abinci maras tsabta su ne nau'in A da E. Mutane suna haɗa su duka su ce shawara, shi ya sa ake ware wa mai nau'in B kwanonsa a gida ba gaira ba dalili.

Ɗalibin likitanci, Yauri: Bari in ƙara abin da ba a cika faɗa ba. Binciken da gwamnatin tarayya ta yi a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita. Wato in ka tsaya a sahun Juma'a, cikin mutum 12 akwai kusan ɗaya, kuma yawanci bai sani ba. Shekarun da mutum ya kamu su ne komai. Babba in ya kamu, sama da kashi 90 jikinsu yana korar ƙwayar da kansa cikin wata 6. Jariri kuwa akasin haka ne, kusan 9 cikin 10 tana zama musu har abada. Saboda haka mai yiwuwa ne wannan yaron tun yana goye ko yana wasan ƙasa ya kamu. Masu raɗa cewa neman mata ne ya jawo masa, su ji tsoron Allah.

Hajiya, Gwandu: Wallahi wannan raɗar ita ta fi ci mini rai. An ɓata sunan yaro a unguwa tun ba a ji daga bakin likita ba. Amma Sista, 'ya'yan da za su haifa fa?

Sista: Hajiya, nan ne aikin yake. Duk jaririn da aka haifa a yi masa allurar farko cikin awa 24, sannan sauran a mako na 6, 10 da 14. Najeriya ta sa wannan rigakafin cikin alluran yara tun 2004, kyauta ne. Matsalarmu haihuwar gida. Ungozoma ta karɓi haihuwa da dare, a ce mai jego ba ta fita, ba a kai yaro asibiti sai bayan suna, alhali wanzami ya riga ya zo da askarsa. Ƙasar Taiwan ta fara yi wa jarirai wannan allura a 1984, bincike ya nuna kansar hanta a yaransu ta ragu ƙwarai. A nan kusa ma, Gambiya ta fara irin wannan bincike a 1986.

Wanzami, Argungu: Sista, kada a ɗora mana laifin duka. Ni ina wanke askata, ina gogewa tas.

Ɗalibin likitanci: Baba, ba raini ba ne. Ƙwayar tana iya rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana 7, kuma ido ba ya ganinta. Gogewa da tsumma ba ta isa. Sabuwar reza ga kowane yaro, a aski, a kaciya, a ƙaho. Ku sa kuɗinta cikin ladan aiki, iyaye za su biya.

Malamin makaranta: Na ji batun amarya da jarirai, na kuma karɓa. Amma har yanzu ina da ja. Shi mijin fa? In ya kwanta nan da shekara goma, wa zai riƙe ta? Kuma na ji ana cewa akwai masu jiƙo da ke warkar da ita kwata-kwata.

Ɗalibin likitanci: Jiƙon nan a bar shi, wani ma hantar yake ƙara gajiyarwa. Nau'in C ne ake warkewa da ƙwayoyi cikin mako 12. Nau'in B ana danne shi ne da irin su tenofovir, ƙwaya ɗaya a rana, kuma ba kowa ne ma yake buƙata ba. Sai an auna yawan ƙwayar cutar a jininsa, an duba aikin hanta, an yi hoton ciki. Ya guji gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, don gubarsu tana haɗuwa da cutar ta ƙara haɗarin kansa. Tsoronka yana kan hanya Malam, amma da yawa suna tsufa da ita lafiya in suna zuwa dubawa.

Hajiya: Ita yarinyar an tambaye ta kuwa? Ita za ta zauna da shi. A zaunar da ita gaban likita, ta ji komai, har da abin da Malam yake tsoro, sannan ta faɗi ra'ayinta.

Kawu: Ba a tambaye ta ba. Zan samu ubanta bayan magariba in ce kada a mayar da kaya tukuna. Sista, turo mini sunayen gwaje-gwajen nan a rubuce, ranar Litinin za mu shigo Birnin Kebbi da su biyun in Allah ya yarda.