Batirin mota yana kwana ya mutu, daga ina zan fara?

Auwalu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Corolla 2007 ce, batirinta 60Ah, shekararsa ɗaya da wata biyu. Yau sati biyu ke nan, idan na ajiye ta da isha'i, da safe sai dai in ji ƙas-ƙas-ƙas, ba ta tashi sai an haɗa mini waya da wata motar. Amma da zarar ta tashi, wuni guda ba matsala. Mai batir ya ce in sayi sabo, rewaya ya ce altaneta ce, wato na'urar da ke yi wa batir caji in inji yana aiki. Don Allah masana ku ba ni shawara kafin in kashe kuɗi.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Kada ka sayi komai tukuna. Abu uku ne: ko batirin ba ya riƙe caji, ko altaneta ba ta cika shi, ko wani abu yana shan wuta bayan ka zare makulli. Gwajin farko kyauta ne. A kai batirin a yi masa caji ya cika, ka mayar da shi, da daddare ka sa sifana mai lamba 10 ka cire kan baƙin, wato negatif. Da safe ka mayar. Idan ta tashi garau, batirin lafiyarsa ƙalau, ɓarawon yana cikin motar. Idan duk da haka ya mutu, shi ne ya gaji.

In kana da mita ta auna wutar lantarki, lafiyayyen batir da ya huta yana nuna 12.6V. 12.2V rabi ne. Idan ka ga wajen 10.5V bayan caji, ɗaki ɗaya daga cikin ɗakuna shida na batirin ya mutu, wannan babu gyara. Inji yana aiki kuma ya kamata ka ga 13.8V zuwa 14.5V.

Injiniya Bashir: Ƙari a kan bayanin Malam, a yi lissafi kaɗan. Ƙwan fitilar but mai 5W yana jan kusan 0.4A, wato ƙasa da rabin amfiya. A awa goma 4Ah ke nan, ba zai kashe lafiyayyen batir 60Ah a dare ɗaya ba. Saboda haka in dai kwana ɗaya ne yake kashe shi, ko dai abin da ke jan wutar babba ne, amfiya biyu zuwa uku ko fiye, ko kuma batirin ya riga ya raunana. Sau da yawa duka biyun ne, domin duk lokacin da batir ya sauka ƙasa warwas, ƙarfinsa raguwa yake, ga kuma zafin da muke fama da shi.

Yadda ake kama ɓarawon: kashe komai, zare makulli, ka buɗe bonet. Mayar da jar wayar mita ramin 10A, ka juya ta zuwa DC. Cire kan negatif, ka ɗora waya ɗaya a kan sandar batirin, ɗayar a kan wayar da ka cire, wutar ta bi ta cikin mitar. Ka jira minti ashirin zuwa talatin, kwamfutocin motar su yi barci. Abin da ake so ƙasa da 0.05A ne. In ya wuce haka, ka riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya, na cikin inji da na ƙarƙashin sitiyari, idonka a kan mita. Wanda ka zare lambar ta faɗi, layinsa ne. Ka fara da wanda aka rubuta DOME, shi ke ba fitilar cikin mota wuta ko babu makulli. In za ka bar ƙofa a buɗe, ka danne ɗan makunninta da tef, in ba haka ba fitilar za ta ruɗa ka. Kuma kada ka kuskura ka murza makulli mita tana haɗe, nan take fiyus ɗinta zai ƙone.

Auwalu, an ƙara wa motar wani abu kwanan nan?

Auwalu: Eh Injiniya, an sa rediyo mai allo da amfilifaya a but wajen wata ɗaya da ya wuce.

Injiniya Bashir: To can za ka fara. Rediyo tana da rawayar waya mai wuta kullum da jar waya mai wuta sai an kunna makulli. Masu gaggawa sukan murɗe su wuri ɗaya, allon ya mutu amma cikinta yana aiki. Amfilifaya kuma shuɗiyar waya ce ke kunna ta. In an ɗauko mata wuta kai tsaye, kwana take a kunne. Da sassafe ka taɓa jikinta, in da ɗumi ka kama ta.

Alhaji Ɗanlami: Kada a cire altaneta daga zargi da wuri dai. Tana iya nuna 14V da rana, amma in diyod ɗaya ya lalace, wato ɗan abin da ke hana wuta komawa baya, wuta ta riƙa komawa cikinta da dare. Idan an gama zare fiyus lambar ba ta sauka ba, a cire kan batir tukuna, a kwance babbar wayar da ke bayan altaneta, a naɗe ta, a sake aunawa. Shi kuwa gwajin nan da wasu ke yi na cire kan batir inji yana aiki, ka hana a yi maka shi, yana iya ƙona kwamfutar mota.

Malam Habu: Ka duba kawunan batirin ma. In akwai farin gari ko kore, ruwan ɗumi da cokali ɗaya na bekin soda, ka goge da buroshi, ka shanya, ka ɗaure tamau, ka shafa ɗan giris. In mai murfi ne ruwansa ya ja baya, tataccen ruwa za a ƙara ya rufe farantan, ba asid ba. Bayan an gyara wayar a kai shi ya kwana a kan caji mai sanyi, amfiya shida ko ƙasa. Sannan a auna shi lokacin tayarwa: in ya faɗi ƙasa da 9.6V, sai ka sayi sabo. Kafin nan ka riƙa cire negatif in za ka kwanta.

Auwalu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau zan cire fiyus ɗin amfilifayar in ga yadda za ta kwana.