Abin da ke hana maƙwabta haɗa kai kan 'yan ta'addan iyaka

A wata tattaunawa da tsofaffin jami'an tsaro da malaman jami'a suka yi a Kano, bakinsu ya zo ɗaya cewa rashin yarda tsakanin gwamnatoci ya fi ƙarancin makamai illa.

Sun fi daɗewa kan Nijar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta yanke wuta, aka rufe iyakokin Jibiya da Illela. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar, a Maris kuma Nijar ta janye daga rundunar haɗin gwiwar Tafkin Chadi mai hedikwata a N'Djamena. Iyakar Najeriya da Nijar kusan kilomita 1,500 ce, 'yan ta'addan Lakurawa kuwa ba sa neman biza kafin su shigo Sakkwato da Kebbi.

Shawararsu: a raba maganar tsaro da rigimar siyasa. Kwamandojin Monguno ta Najeriya da Diffa ta Nijar su riƙe layin waya kai tsaye, ko da Abuja da Yamai ba sa ga-maciji. A rubuta yarjejeniyar bin sawu da ta fayyace kilomita nawa soja zai iya kutsawa, awa nawa, wa zai sanar. Idan babu ita, mahari na tsallaka iyaka sai a tsaya ana kallonsa. Kowane sansani ya samu jami'in da ke jin Faransanci, Hausa da Barbarci.

Rufe iyaka kam sun ce kuskure ne: ɗan kasuwar Dawanau ke cutuwa, mai fasa-ƙwaurin fetur da babura ya bi daji.