Ti-6Al-4V na injin 3D yana saurin tsinkewa, ina matsalar take?

ɗalibin_ƙarafa:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu ilimin ƙarafa a taimaka min. Muna gwajin ja a kan Ti-6Al-4V kala biyu, ɗaya sanda ce da aka ƙera da zafi, ɗayan kuma injin 3D ne ya gina shi daga garin ƙarfe da leza. Haɗin iri ɗaya ne, alminiyom kashi 6, banadiyam kashi 4, sauran taitaniyam, amma na lezan ya fi ɗaukar nauyi sai dai ba ya wani miƙewa, kawai sai ka ji ƙas ya tsinke. Garin ne ba shi da kyau ko me?

tsohon_injiniya:
Wa alaikumus salam. Kada ka yi saurin ɗora wa gari laifi tukuna. Yanko guntu daga kowanne, ka goge shi sosai, ka shafa masa ruwan Kroll, wato ruwan asid mai fito da tsarin ƙwayoyin ƙarfe, ka leƙa a maikuroskop, amma fa a yi hattara don akwai asid ɗin HF (haidurofulorik) a ciki kuma ba ya wasa da fata. Shi taitaniyam atom ɗinsa jeruwa biyu suke yi, alfa in zafi bai kai ba, beta in ya wuce wani mataki, a zallansa matakin digiri 882 ne a ma'aunin Celsius, a wannan haɗin naka kuwa wajen 995. To leza ɗan mitsitsin wuri take narkarwa kuma kafin ka ƙifta ido ya huce, beta ba ta samun sukunin komawa alfa a hankali sai ta rikiɗe ta zama wani tsari da ake kira matensait, za ka gan shi kamar an watsa siraran allurai ta ko'ina, ga tauri amma babu juriyar miƙewa, ga kuma matsi da ya maƙale a cikin ƙarfen saboda dumama da hucewa shimfiɗa bayan shimfiɗa. Ita sandar yawanci ƙasa da 995 ake dukanta, shi ya sa ƙwayoyin alfa ɗinta suke dunƙulallu, su ne ke ba ta damar miƙewa kashi 10 ko fiye kafin ta rabu.

hajiya_leza:
Gaskiya ne Malam, amma ni ba zan wanke garin gaba ɗaya ba, garin da aka yi ta maimaita amfani da shi yana ƙara shan oksijin kuma oksijin na ƙara gautsi. Sannan ɗalibi a tsaye aka gina samfurin ko a kwance? Ƙwayoyin beta dogaye suke tashi suna bin hanyar ginin, sakamakon ja ba ya zuwa ɗaya. Ka duba bakin inda ya karye ma, in ka ga ƙananan ramuka ko gari da bai narke ba to daga nan tsagar ta fara. Irin wannan HIP ake masa, wato a gasa shi ana matsa shi ta kowane ɓangare, wajen digiri 920 da matsin iskar agon MPa 100 na awa 2, ramukan ciki su rufe allurai kuma su koma alfa da beta.

ɗalibin_ƙarafa:
Na gode ƙwarai. A tsaye aka gina shi. Ba mu da injin HIP, in na saka shi a murhun lantarki na yau da kullum a digiri 800 ya yi?

tsohon_injiniya:
800 ɗin ya yi, zai warware matensait ɗin, ƙarfi ya ɗan sauka miƙewa ta ƙaru, amma ramukan suna nan ba inda za su. Sai dai kada ka kuskura ka gasa shi a buɗaɗɗiyar iska, saman zai sha oksijin ya yi ɓawo mai gautsi wanda dole sai an kankare shi. Ko murhun da aka zuƙe wa iska ko a cika shi da agon. Kuma kar zumuɗi ya sa ka haura 995, ƙwayoyin za su girma fiye da kima miƙewar ta sake faɗuwa.