Muhawara: Teburin mamata na Meziko, gadon Aztek ne zalla?

Mai Tambaya: Ana yawan cewa ofrenda, teburin da mutanen Meziko ke shiryawa mamatansu ranakun 1 da 2 ga Nuwamba, gadon Aztek ne, mutanen da suka mulki tsakiyar Meziko kafin zuwan Sifaniyawa, daga sama har ƙasa, Katolika fenti kawai ta shafa masa. Malamai, haka ne?

Malam Tarihi: Ban yarda ba, ƙanena. Fara da ranakun. Bukukuwan mamata biyu na Aztek, na yara da na manya, wajajen Agusta ake yin su. 1 da 2 ga Nuwamba kuwa ranar waliyyai ce da ranar rayukan mamata a kalandar cocin Katolika, Turai na yin su tun kafin Sifaniyawa su ci Tenochtitlan, babban birnin Aztek, a 1521. Sai ka leƙa kan teburin. Burodin mamata da alkama ake yin sa, siffar ƙoƙon kai kuma da sukari ake yin ta, kuma alkama da rake duk jirgin ruwan Turawa ya kawo su. Elsa Malvido, masaniyar tarihi a INAH, hukumar tarihi ta Meziko, ta daɗe tana kare wannan ra'ayi.

Hajiya Mai Lambu: Malam, ka tsallake furen. Cempasúchil, furen da ake ƙawata teburin da shi, ɗan ƙasa ne, sunansa ma na Nahuwatal ne, harshen Aztek, ma'anarsa "fure ashirin". Ana shuka shi wajen Yuni ko Yuli don ya buɗe ƙarshen Oktoba, wanda ya makara zai tarar da toho a rufe. Ana tsinke ganyen furen a zuba shi layi daga ƙofar gida zuwa teburin, launi da ƙamshi su nuna wa mamaci hanya. Wannan ba daga Turai ya zo ba. Haka turaren kofal, ƙaron itace ne da ake ɗorawa kan garwashi a kaskon yumɓu. In garwashin bai yi ja ba, narkewa yake ya kashe wutar, in aka tula da yawa hayaƙin ya yi baƙi ya yi ɗaci. Gutsure kaɗan ake sawa, a riƙa ƙarawa.

Malam Tarihi: Na ba ki fure da kofal, Hajiya. Kyandir da gicciye da hotunan waliyyai fa?

Hajiya Mai Lambu: Naka ne. Amma tun kafin sukari Aztek suna ƙera siffofi da ƙullin irin alayyafo don bukukuwansu, saboda haka siffar da ake ci ba baƙuwa ba ce gare su.

Yaya Mai Sana'a: Ku biyun kuna magana kamar teburin iri ɗaya ne ko'ina. A Huaquechula ta jihar Puwebla, dogo ake gina shi hawa-hawa, a lulluɓe da farin yadi mai sheƙi, ga waɗanda suka rasu cikin shekarar, kuma hoton mamacin ta madubi ake ganinsa. A yankin Yukatan sunan bikin Hanal Pixán, abincin rayuka, babban abin shi ne pib, dunƙulen masara da kaza a ganyen ayaba, a gasa cikin rami. A yankin Huasteka kara ake lanƙwasawa kamar baka a saman teburin, a yi masa ado da fure. Maganar hawa bakwai dole, kowane da ma'anarsa, gidaje da yawa ba su bin ta, tebur guda ko hawa biyu zuwa uku suke yi.

Abin da ya fi maimaituwa shi ne kofin ruwa don ƙishin tafiya, gishiri don tsarkakewa, da abincin da mamacin ke so. Ranar 1 ta yara ce, ana sa alawa da kayan wasa, ba barkono ba giya. Takardar ado mai huda-huda a sama ake ɗaure ta, nesa da wuta, don siririya ce, iska na kaɗa ta kan kyandir ta kama. Shi ya sa kyandir na cikin kofin gilashi ya fi aminci.

Mai Tambaya: To UNESCO fa, ba bikin 'yan asalin ƙasa ta kira shi ba?

Malam Tarihi: Haka ta rubuta shi a 2008, amma bikin da al'ummomin ke yi yau take nufi, da gicciyensa da kofal ɗinsa.

Hajiya Mai Lambu: Kuma lokacin girbin masara ne, Malam. Sabuwar masarar ake fara ɗorawa mamata.